Bargon da Goggo Ta Ɗinka wa 'Yar Damari

Ni dai ban taɓa ganin mace mai nauyin baki irin Goggo Barakatu ba. Ni kam duk unguwarmu a Ƙanƙara an san Saudatu mai awara ba ta barin ta kwana, abin da ke cikina shi ke bakina. Ita kuwa Goggo abu zai yi ta cin ranta, amma ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta faɗa ba.

Ƙanwar baban maigidana ce. Ta zo mana ne shekarar da mutanen ƙauyensu, can bayan 'Yargoje, suka watse saboda ɓarayin daji. Mijinta ya riga ya rasu, 'ya'yan da ta haifa duk sun koma tun suna ƙanana, sai ɗaya tal, Hamida, wadda ke aure a Damari ta ƙasar Sabuwa. Da ƙullin kaya ta zo, da buta, da tabarma. Muka kwashe buhunan waken suya daga ɗan ɗakin da ke kusa da zaure muka ba ta. Maigidana yana can Legas neman abinci, sai Salla da Salla, don haka gidan daga ni sai ita sai ƙananan yarana.

A ƙauye, in ji waɗanda suka san ta, Goggo ba ta zama. Ga awaki, ga surfe, ga mata suna shigowa hira. Nan kuwa ba akuya, ba turmi, ba wanda ya san ta. Sai ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna tana kallon bango. In na ce, "Goggo, ki zo mu yi hira mana," sai ta ce, "Ina jin ki ai." Tausayinta nake ji, amma wani lokaci har haushi take ba ni.

Hamida ita ce ɗiyarta ta fari, kuma kun san tsofaffinmu da ɗan fari. Ba ta kama sunanta, ba ta tambayar lafiyarta a gaban mutane, in ma hirarta ake sai ta tashi. "'Yar Damari" take ce mata, shi ma sai ta kama dole. In Hamida ta kira wayata ta ce a ba ta Inna, gaisuwar ba ta wuce "Lahiya lau. To. A gaida mutan gidan." Shi ke nan sai ta miƙo mini waya kamar ta riƙe garwashi.

Da labari ya zo cewa Hamida na da ciki, na fari bayan an daɗe ana jira, na yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Goggo ko ɗaga kai ba ta yi ba. Amma washegari da hantsi sai ga ta da hijabi.

"Ina zuwa, Goggo?"

"Nan wurin Malam Zailani."

Malam Zailani tela ne, shagonsa na bakin layinmu. Ba ta daɗe ba ta dawo da leda cike da ƙyallaye, ragowar atamfofin ɗinkin Salla waɗanda da ma shara za su tafi. Ashe ta roƙe shi ya riƙa yanke mata su daidai wa daida, don almakashinta ya dakushe. Shi kuma, Allah ya saka masa, ya yanki kwalin sukari mai kusurwa huɗu, faɗin tafin hannu, yake ɗora shi a kan kowane ƙyalle yana bi da almakashi.

Na ce, "Goggo, tsummokaran nan fa? Jifa za mu yi da su?"

Ta ce, "Bargo zan yi."

"Na wa?"

"Na rufa."

Kun ji fa! Sai ka ce na tambaye ta amfanin bargo.

Amma ni ba yarinya ba ce. A al'adarmu haihuwar fari gida ake zuwa. In ciki ya tsufa sai mace ta koma gaban uwarta, ta haihu a can, a yi mata wankan jego safe da yamma har ta yi arba'in. A ƙauye Goggo tana da gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa don mai jego ta gasu. Nan sai siminti mai sanyi, ga damina ta kama. Bargon nan shi ne zai tsaya a madadin gadon, kuma Goggo ta sa rai ɗiyarta za ta zo ta kwanta a ɗakin nan. Abin da ba ta faɗa ba ke nan.

Ɗinkin hannu take yi, allura da zare. Da farko sai ta ware ƙyallayen kashi biyu, masu duhu gefe, masu haske gefe. Ta ɗauki mai duhu ta kifa shi a kan mai haske, ta bi gefe ɗaya da ɗinki ƙanana-ƙanana, ta buɗe, ta murje bakin da farce har ya kwanta. Haka za ta yi ta jerawa har layi ya yi tsawo. Ni na zaci a miƙe za ta haɗa layukan, ashe a karkace take jera su, kowane ƙyalle ya tsaya a kan tsininsa kamar yankan alawar madara. Gefen da ya rage da gibi kuma sai ta raba ƙyalle biyu daga kusurwa zuwa kusurwa ta cike. In tsini bai haɗu da tsini ba, wallahi sai ta farke layin gaba ɗaya. Na ce, "Haba Goggo, wa zai duba?" Ta ce, "Ni."

Idonta ba ya ganin kafar allura, ni take miƙo wa ina cikin suya in zura mata zare da hannuna duk mai. To a wajen ɗinkin nan ne na fara jin muryar Goggo sosai. Ta ɗaga wani kore mai ganye ta ce irinsa marigayi ya saya mata shekarar da aka yi auduga da yawa. Ta ɗaga wani ta ce wata maƙwabciyarta na da irinsa, yanzu ba ta san ko tana Funtuwa ko tana lahira ba. Sai ta ci gaba da soka allura.

Ba bargon kaɗai ba. Ta share ɗakin, ta toshe ramin ɓera, ta fara tara itace a lungu kaɗan-kaɗan, ta kuma tambaye ni ko garwar nan tawa babba tana yoyo. Duk wannan ba ta taɓa cewa don wa ba.

Rannan da la'asar sai ga waya daga Damari. Hajiya Suwaibatu ce, uwar mijin Hamida. Na sa a bayyane don kunnen Goggo ba shi da ƙarfi. Bayan doguwar gaisuwa Hajiya ta ce, "To, ga yarinya ta yi nauyi. Na ce bari in ji ta bakinki. A kawo miki ita ne, ko ta zauna wurina? Mun san halin da kuke ciki, ga hanya yadda ta zama."

Ina ta yi wa Goggo alama da hannu, har ludayi na ɗaga. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ai ɗiyarki ce, Hajiya. Duk yadda kuka yi daidai ne."

Hajiya ta ce, "To shi ke nan, Allah ya raba lahiya."

Wayyo ni! Ji na yi kamar in kifa kaskon awarar. Na ce, "Goggo, mi kika yi haka? Matar nan tambayarki ta yi! Ki ce a kawo ta, shi ne ya gagara?"

Ta ce, "In buɗe baki in ce a ba ni ɗiyata? A ce mi?"

"A ce uwa ce!"

Goggo ta ɗauki allurarta. Ita a lissafinta, kara ta yi, Hajiya ma za ta mayar da kara ta ce a'a, gida ya kamata ta zo. Ita kuwa Hajiya ta ɗauka Goggo na jin nauyin ɗawainiya ne a gidan da ba nata ba, in ta matsa kuma a ce ta kori surukarta. Kara ta ci karo da kara, aka bar yarinya a tsakiya. Mu mutanen ƙasar nan ana yi mana kirari da kunya, to ni ranar ban ga abin kirari ba.

Goggo ba ta daina ɗinkin ba. Ta sa tsohon bargonta a tsakiya, ta shimfiɗa zaninta mafi kyau a baya, ta bi layukan da ɗinki ta haɗe su, ta naɗe baki. Duk motar da ta tsaya a bakin layi sai ta ɗaga kai. Har aka kira aka ce Hamida ta sauka lafiya, an sami mace.

Ni aka tura suna. Goggo ta ƙulla yaji da kanwa, ta naɗe bargon a cikin buhu ta ce, "Ki ba su." Muka bi ta ƙasar Faskari kowa na salati a mota, muka zaga ta Funtuwa da Ɗandume, kafin mu kai Damari duk jikina ya mutu.

Da mata suka rage na shimfiɗa wa Hamida bargon a kan gado. Ta daɗe tana shafa shi. Ta juya bayansa ta gane zanin uwarta.

Ta ce, "Anti, ɗinkin Inna ne?"

Na ce, "Da hannunta. Ɗaki ma ta gyara, ta tara itace, ke take jira."

Hawaye suka zubo mata. Ta nuna mini wata jaka a bayan ƙofa ta ce, "Tun cikina na wata bakwai na haɗa kayana. Da aka ce ta ce duk yadda aka yi, sai na ɗauka ba ta so in zo."

Ban tsaya ba, na wuce ɗakin Hajiya Suwaibatu na zayyane mata komai. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, da ƙyar take miƙewa. Ta ce, "Saudatu, ni ban hana ba. Arba'in da saura. Amma ba na sa mai jego da jaririya a wannan hanya a kan maganar wani. In wani abu ya faru, mi zan ce? In ita uwar ta faɗa da bakinta, gobe in sa a kai ta."

Na dawo Ƙanƙara na tarar da Goggo a bakin ƙofarta, hannu ba aikin yi. Ta yi mini sannu da hanya, ta tambayi damina a can, ta tambayi Hajiya. Na ce, "Goggo, bar zancen damina." Na gaya mata zancen jakar, na gaya mata abin da Hajiya ta ce.

Can Goggo ta ce, "Wa ke yi mata wankan?"

Na ce, "Hajiya ba ta iya sunkuyawa. Maƙwabciya ke dafa ruwan. Hamida ke yi wa kanta, inda hannunta bai kai ba ta bari."

Goggo ta runtse ido. Ta ce, "Kira mini su."

Da murnata na kira. Hajiya ta ɗauka. Suka gaisa, Goggo ta yi barka, ta tambayi gwiwa, ta tambayi gajiyar suna. Hajiya na jira, ni ina jira. Na ga leɓen Goggo yana motsi, ta ja numfashi, ta sake ja.

Ta ce, "To, Hajiya. Allah ya raya. A gaida mutan gidan."

Ta miƙo mini wayar.

Na buɗe baki zan zazzage mata duk abin da ke cikina, sai na ga hawaye na bin kumatunta, ba ta ko share ba. Ban taɓa ganin kukanta ba, ko ranar da ta zo da ƙullin kaya.

Ta ce, "Ina son in gan ta, Saudatu. Wallahi ina so. Bakina ne bai iya ba."

Na fasa masifar. Na janyo kujera na zauna kusa da ita, awarar da ban sayar ba kenan ranar.