Layi Uku a Jikin Bulon Babur Ɗina

Na kwance tsumma na ɗora bulon injin babur ɗina, wato gidan fistan, a kan tebur, sai mai shagon ya shiga shafa gefensa da yatsa.

'Yata ce ke buga mani wannan, ni ban yi boko ba. Babur ɗina irin na da ne, mai hayaƙi, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Ƙarfinsa ya tafi, ko garin Riko da ke nan kusa da mu ba ya kai ni. Makanikan Jibiya sun ce in sayar da shi a kilo, na ƙi. Na tsallaka iyaka zuwa Maraɗi wurin Malam Idi, wanda ke sassaƙe mani cikin bulon ya gyara ƙofofin iskarsa tun muna da baƙin gashi.

Ɗansa na tarar a shagon, shi na ɗora wa bulon a kan tebur. Ashe Malam Idi ya rasu bara, ba wanda ya gaya mani.

"Baba, layukan nan uku na gefen bulon hannun mahaifina ne," in ji shi. "Duk sassaƙa ɗaya sai ya ja layi ɗaya. Yakan ce daga na huɗu ƙarfe ya ƙare."

Na ce, "To, saura ɗaya ke nan. Yi mani."

"Injin sassaƙar mun sayar, Baba. Tun rasuwarsa kai ne na farko da ya zo nema."

Na naɗe kayana, na rungumo bulon a cinya har gida. Da, in na tada babur ɗin nan, abokaina daga cikin gida suke gane ƙararsa su fito. Yanzu ni kaɗai na rage da zan gane ta, shi ya sa nake son in sake jin ta.

Wanda ya san mai wannan aiki, Katsina ko Kano, ya faɗa mani a nan. Sharaɗina ɗaya: kada ya goge layukan Idi, ya ja nasa a gefensu.