Miyar Banda Da Inna Ta Aika Bukka

Shekaranjiya a kasuwar Tasawa na bi ta layin masu kifi, ƙamshin banda ya tsayar da ni. Mai kifin ya ɗauka ciniki zan yi. Na ce masa a'a, na wuce. Inna ta rasu da daminar da ta gabata, kuma tun lokacin ban saka banda a tukunyata ba.

A gidanmu na ƙauye, kusa da Tchaké, kowa da abincin da yake yabo. Baba ya yi cirani a Libiya, bai gajiya da labarin taliyar da suke dafawa da jan yaji a tukunya guda, su kewaye ta da cokula. Kaka kuwa ta ce duk abin da ba fura da nonon Fulani ba, cika ciki ne kawai. Inna ba ta gardama da kowa, domin ta san abin da ta iya. Miyar kukarta da banda, wato kifin da aka ƙyafe da hayaƙi, ba ta da ta biyu a unguwarmu. Kifi ba abin ƙasarmu ba ne. Kawuna mai tuƙin babbar mota ke kawo mata daga Diffa, sau ɗaya a shekara, ta ɓoye shi cikin ƙwarya a saman rumbu, tana gutsura kaɗan-kaɗan.

Bayan girbi, wasu Buzaye sukan sauka a gonarmu da raƙuma da awaki. Dabbobinsu su ci kara, su bar mana taki, Baba ya ba su dammunan hatsi. A shekarar da nake ba ku labari, ina da kamar shekara tara, surukar wata tsohuwa da ke bukkar da suka kafa a gonar ta haihu. Inna ta je barka, ta dawo ranta a jagule. Ta ce mai jegon ta rame, nono bai zo sosai ba, jaririn sai kuka. A ranar ta sauko da ƙwaryar banda, ta tuƙa tuwon hatsi, ta malala masa miya har ta rufe shi, ta ɗora mini kwano a ka.

Da na isa, tsohuwar ta buɗe kwanon, ta dube shi, ta mayar da murfin a hankali. Ta kira ni bayan bukka, ta shimfiɗa mini tabarma, ta ce in ci. Na ce na mai jego ne. Ta gaya mini da Hausarta mai nauyi cewa su ba su cin kifi, iyayensu ma ba su ci ba, kuma tuwon da miyar ta taɓa ba zai shiga bakinsu ba. Ta roƙe ni kada in faɗa wa Inna, don kada ranta ya ɓaci. Ni da a gida sai dai a ba ni ƙaya in tsotsa, ga tsoka guda uku a gabana. Na cinye. Ta wanke kwanon da yashi, ta saka cuku biyu a ciki, irin wanda suke yi da nono su shanya a rana, na kai gida.

Inna ta ga kwano wankakke da cuku, ta yi murmushi, ta ce dama ta san za su so miyarta. Daga nan duk ranar kasuwa sai ta aika. Ta daina saka kifi a miyarmu ta gida, ta ce mai jego ta fi mu buƙata. Ni kuwa ina zama bayan bukka ina ci, ina jin kukan jaririn ta cikin tabarmar bango. Na san ba daidai ba ne. Na kuma san ɗanɗanon miyar.

Wata ranar Juma'a da hantsi, tsohuwar ta zo gidanmu yi wa Inna godiya. Inna ta shimfiɗa mata tabarma a gindin itacen bedi, ta ce ba za ta tafi ba sai ta ci abinci daga tukunya da zafinsa. Ta zuba mata, ta zaɓo tsoka mafi girma ta ɗora a sama, ta zauna gefe tana jira.

Tsohuwar ta wanke hannu. Ta yi bisimilla. Ta kai hannu bakin kwanon, na gane ci za ta yi, ita da ta tsufa ba ta taɓa kai kifi baki ba, don dai kada ta kunyata Inna a gidanta.

Na ce, "Inna, ba su cin kifi. Duk wanda kika aika ni na ci."

Inna ba ta dube ni ba. Ta miƙa hannu ta janye kwanon daga gaban baƙuwar.

"Iya, gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, ɗiyata. Ni na ce ta yi shiru. Alherinki ya iso mu, kifin ne kawai ya tafi cikin da ke son sa."

"To mai jegon fa, me take ci?"

Tsohuwar ta ce abin da ya samu. Inna ta tashi. Ta jiƙa hatsi, ta daka da kanta, ta dama kunun kanwa cike da ƙwarya, ta zuba man shanu. Ba ta ba ni ɗauka ba. Ita ta ɗora a kanta, suka tafi gona tare da tsohuwar. Haka ta yi kullum har Buzayen suka tashi da farkon bazara, jaririn ya yi kumatu. A can ne ta ga yadda suke binne ƙullun tagalla cikin yashi mai zafi da toka, ya fito gurasa, su karkaɗe su gutsuttsura cikin miya. Ta dawo tana cewa Baba ya riƙe taliyarsa, ita ta samu nata.

Ba ta dake ni ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba. Ni ma ban taɓa cewa ta yafe mini ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Yanzu ba mai sauka a gonar. Kara ana tattara shi a sayar, taki kuma a buhu yake zuwa. Ni ina Tasawa, ƴaƴana sun fi son acake na rogo da shinkafa da wake a kan tuwo, ban hana su ba. Makon jiya maƙwabciyata, ƴar ƙasar Benin, ta haihu, ba ta da kowa a garin nan sai mijinta. Kafin in hura wuta na je da kaina na tambaye ta abin da take ci da wanda ba ta ci. Ta ce abin da ranta ke so wani tuwon masara ne mai tsami da uwarta ke yi, ana naɗe shi a ganye. Ban taɓa ganinsa ba. Tana kwance tana faɗa mini yadda ake yi, na jiƙa masara kwana uku. Tuwon ya fito da gudaji, bai kuma ɗaure sosai ba. Na zauna kusa da ita na riƙe mata jaririn har ta cinye.