Kuka a Ƙofar Gida

Duk wanda ya saba bi ta unguwar Ƙurban ta Madina da la'asar ya san Sabiru Adam, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne mai furfura, kullum yana zaune a ƙofar shagon dabino na mijin ƙanwarsa, kansa a ɗan karkace hagu kamar mai satar jin gulma. Ba gulma yake ji ba. Shekara da shekaru ya yi yana maƙale kamanja a ƙarƙashin haɓa, wato gogen nan na Turawa mai tsirkiya huɗu, har wuyan ya saba ya ƙi miƙewa. Ya yi kiɗa a Alƙahira, ya yi a Jidda, ya yi a gaban mutanen da ko tari ba sa yi sai an gama. Amma abu ɗaya ya nema a duniya, shi ne mahaifiyarsa Ikilima ta zauna ta saurare shi sau ɗaya, ta ce masa Allah ya yi albarka.

Kiɗan gado ne, bai tsince shi a titi ba. Kakansa na wajen uwa, Ɗan'inna, a ƙafa ya taso daga Damagaram zuwa aikin hajji da goge a cikin buhu, ya zo Madina ya ce nan zai mutu, kuma ya cika alkawari. Gogen ya faɗa hannun ɗansa Yahya, wan Ikilima. To, Madina ba garin da ake goga tsagiya a bainar jama'a ba ne, balle a wancan zamani. Saboda haka Kawu Yahya ya kai abinsa Khaibar, inda yake aikin hawan dabino, ya ɓoye a ɗakin ajiye igiyoyi. Can ake tura Sabiru hutun makaranta don ya koyi wahala, sai ya koyo abin da ba a aike shi ba.

Kawun bai iya koyarwa da baki ba. Zai goga, ya miƙa wa yaron, in ya kuskure ya ɗana masa bakan gogen a gwiwa. Abin da ya fi maimaita masa shi ne taken Ɗan'inna, wanda gogen ke faɗa kamar da harshe: "Ɗan'inna, kuka a ƙofar gida, kowa ya zo ya sha miya." Sabiru haifaffen Madina ne, irin yaran da ake yi wa Hausa su amsa da Larabci. Ya ci miyar kuka har ya gaji, amma a wurinsa wani koren gari ne da alhazai ke kawowa a leda. Bai taɓa ganin bishiyar ba, bai ma san tana da tsayi ko gajarta ba. Kukan da ya sani shi ne na hawaye, kuma bai tambaya ba, don Kawu ba mutumin da ake yi wa tambaya ba ne.

Da ya gama sakandare, mahaifinsa Malam Adam, tela ne, ya tura shi Masar karatun injiniya. Bai rufa shekara ba ya sulale zuwa makarantar kiɗa. Can ya faɗa hannun Ustaz Walid, wani gajeren Bamisre mai zafin rai, wanda ya dubi yadda yake riƙe baka ya ce wannan ai yankan rago ne. Ya kwance masa hannu ya sake ɗaurawa. Ya koya masa karanta kiɗa a takarda, da kiɗan Turawan da suka mutu tun kafin a haifi Ɗan'inna, da hawa da saukar muryoyin Larabawa. Sabiru ya sha wuya, fatar yatsunsa ta fashe ta warke ta zama kanta, ya kuma ƙware.

Wata rana Ustaz ya ji shi yana goga taken kakansa shi kaɗai, ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaye shi me kiɗan ke cewa. Sabiru ya fassara masa da Larabci, ya ce kuka ne ake yi a ƙofar gida.

"To don me kake sauke muryar da wuri?" in ji Ustaz. "In kuka ne, bar ta a sama. Ja ta, girgiza yatsa, ta yi kukan."

Ya ja, ya girgiza, abin ya yi daɗi har tsikar jikinsa ta tashi. Daga ranar haka yake kaɗa shi. Abin da bai sani ba, goge Bahaushe ne, yana bin muryar magana sak. Kukar miya, murya kan hau ta sauko. Kukan hawaye, a sama take tsayawa. Tsakaninsu ɗaga yatsa ɗaya ne kawai daga kan tsirkiya.

Ya ɗauki kiɗan a kaset, ya aika gida ta hannun wani ɗan unguwa, yana ta zumuɗi. Amsar da ta zo masa ita ce Malam Adam ya yanke jiki ya faɗi a kan keken ɗinki, ya dawo maza. Ya iso bayan an kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ƙanwarsa Safiyatu ta ja shi gefe ta ce Inna ta ji kaset ɗin, ta fasa shi da taɓarya, ta kuma ce kada abin nan ya ƙara shigo mata gida. Sabiru ya ɗauka tsoron Allah ne da kunyar maƙwabta, kamar yadda kowa zai ɗauka. Bai tambaye ta ba, ita ma ba za ta faɗa ba. Ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa, sai dai "wannan yaro", kuma in zai yi mata magana gefe take kallo. Kawu Yahya, wanda da ya ji sau ɗaya zai ɗana masa baka a gwiwa, ya riga ya faɗo daga kan dabino ya rasu tun bara.

Haka rayuwa ta miƙa. Ya zauna a layin baya na wata babbar ƙungiyar makaɗa a Alƙahira, cikin baƙar kwat, har ya gaji da zama a baya. Ya dawo Jidda, ya shiga bin mawaƙan Hijaz gidajen biki. Ya je Yanbu ya zauna da masunta ya kwashi kiɗansu na bakin teku ya ɗora a kamanja. 'Yan kwat suka ce ya zubar da kansa, 'yan biki suka ce yana musu iyayi, shi kuwa ya ci abincinsa a tsakani. Ya yi aure ya rabu, bai samu haihuwa ba. Duk inda ya je, taken Ɗan'inna ne ke rufe taro, kuma mata sukan share hawaye su ce Takaruru, wato mutanen Afirka ta Yamma, sun iya baƙin ciki.

Duk zuwan da zai yi Madina, a motar yake barin kamanjar. Ya kawo atamfa, ya kawo turare, ya gyara rufin ɗaki. Ikilima ta karɓa ta ce an gode, ta sa wa Safiyatu da 'ya'yanta albarka a gabansa, shi kuma ta ce a zuba wa yaron nan abinci. Abin yana cin sa ƙwarai. Ko da zamani ya juya aka buɗe wuraren kiɗa a ƙasar, har aka nuna shi a talabijin da furfurarsa, Safiyatu ta ce da Inna ta ji an fara, tashi ta yi ta shige bayi.

Sai tsufa ya zo ya kwashe wa Ikilima tunani. Larabcinta ya zube kaf, ta koma Hausar Damagaram ta yarinta, kunyar ma ta tafi tare da sauran. Wata safiya Sabiru ya shiga gaishe ta, ta kafa masa ido kai tsaye, abin da ba ta taɓa yi ba, ta kamo hannunsa.

"Yaya Yahya, ashe kana nan," ta ce. "Don Allah ka gyara wa Sabiru hannu."

Ranar ya fara jin sunansa a bakinta. Ya durƙusa ya ce, "Me ya yi, Inna?"

"Taken Baba ya juya. Kuka yake kira mana a ƙofa, kowa ya zo ya sha miya. Ya kira sau ɗaya, ubansa ya tafi. Ni ba zan iya faɗa masa ba, ka san ɗan fari ne."

Ya dubi Safiyatu, ya ce da ita da Larabci bai gane ba. Ita ta fi shi zama da tsofaffi. Ta maimaita kalmomin a bakinta, sannan ta dafe ƙirji.

"Yaya, shajara ce! Itaciyar kuka, ya'ni wadda ake miya da ganyenta. Kirarin mai kyauta ne, gidansa ba a rasa miya. Kai kuwa zaman makoki kake kaɗawa."

Sabiru ya koma mota ya zauna, bai tayar da ita ba. Shekarun nan duka yana zaton addini ne ya shiga tsakaninsa da uwarsa, har yana jin haushin malamai, ashe yatsa ɗaya ne. Ya yi kuka irin na manya, wanda ba ya fita da sauti.

Ya shiga gyara. Sai dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ga kuma ciwon sukari ya fara kashe masa kan yatsu, ba ya jin tsirkiya sosai. In ya bi a hankali muryar takan sauko. In ya saki jiki, hannun ya koma gidan jiya. Ya so ya ƙara kwanaki yana gyaran hannun, Safiyatu ta buga waya ta ce likitan mustashfa, wato asibiti, ya sallamo Inna, ya ce a kai ta gida kawai, in zai zo ya zo.

Da hantsi ya shiga da kamanjar, karo na farko. Safiyatu ta rufe tagogi saboda maƙwabta. Ikilima na kwance ta zama kamar tsumma, amma da ya goga sunan Ɗan'inna sai idonta ya buɗe, leɓenta ya soma bin kiɗan, har da ɗan murmushi. Zuciyar Sabiru ta cika, ya manta da lissafin yatsu, ya bar hannu ya yi abin da ya saba. Da aka zo kan kalmar, yatsan ya lafe a kan tsirkiya ya ƙi tashi, muryar ta tsaya a sama tana rawa, kyakkyawa, kamar yadda Ustaz Walid ya so.

Murmushin ya ɗauke. Ta ce, "Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Inna," in ji Safiyatu. "Kuskure ne, zai sake."

Ya sake, ya kuma sauke ta daidai, amma ta riga ta juya fuska bango ta ja mayafi ta rufe kunne.

"Ku shimfiɗa tabarmi," ta ce. "Mutane na zuwa."

Ba ta ƙara magana ba, kafin Juma'a aka kai ta kusa da mijinta. Tsofaffin matan unguwa suka cika gidan, kuma da yake ba sa son shinkafar Larabawa a irin wannan rana, tuwo aka tuƙa musu da miyar kuka. Sabiru na tsaye a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, kukan mata na fitowa daga ciki, kwanuka na wucewa ta gabansa.

Kamanjar tana saman kabad a gidan Safiyatu, tsirkiya biyu sun tsinke, bai sa wasu ba. Masu biki sun yi ta kira har sun gaji. In ka zauna kusa da shi a ƙofar shagon, za ka ga yatsun hagunsa na motsi a kan gwiwa, suna hawa suna sauka. Ya ce yanzu ko cikin barci ba ya kuskure wurin.