Furfura Ɗaya a Gemun Mai Babbaka

Maigidana mai babbaka ne a Jega. Kai da ƙafa na shanu da awaki su ne sana'arsa, shi da 'yan uwansa, a wani layi bayan mahauta. Da can da kara da itace suke yi, sai jefi-jefi a sa taya. Da aka ba mu jiha, motoci suka yi yawa a hanyar Birnin Kebbi, tsofaffin tayoyi suka zama bola, direbobi na ba da su kyauta. Shi ke nan aka watsar da kara, layin ya koma baƙi ƙirin.

Ni ce mai wanki, ni na fara sani. Ruwan farko kamar tawada. In ya yi kaki, baƙi. In ya fyace hanci, baƙi. Na yi magana, ya ce in kwantar da hankalina, ai suna shan nono. Wai in an tashi aiki aka kwankwaɗi ƙwarya guda, ƙirji ya wanku tas. Ni ban yi boko ba, amma na sha gyaran kayan ciki, na san hanyar abinci daban, ta iska daban. Na faɗa masa, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Abin taƙamarsa kuwa, wai duk layinsu babu mai furfura, hayaƙi na adana su kamar kifin banda. Ni ma nakan yi dariya, har ranar da na je suna Maiyama, wajen dangin innata. Na ga tsofaffi jere kan tabarma a ƙofar gida, gemu fari fat, har da mai gardamar bana ma shi zai nome gonarsa. Na shiga tuno mazan layinmu. Wanda ya koya wa maigida aiki ya rasu, wan maigidan ya bi, maƙwabcinmu mai yawan barkwanci ma haka. Duk tari ne, kuma duk da baƙin gemu aka rufe su. Ko tuwon sunan ban iya ci ba.

Daga ranar na hana shi sakat, na hana kaina. Yayana na da gonar albasa a Aliero, kullum yana neman hannu, na ce mu koma can. Maigida ya ce sai bayan babbar salla, lokacin ne aiki ke ci. Salla ta wuce, ya ce sai bayan kaka. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi yaji, na dawo da ƙafata ba biko, don ko a ɗakin innata tarinsa nake ji a kunne. Wallahi haushinsa nake ji, ina kuma jin tsoro.

Bai yarda ba sai da ya kasa ɗaga kan bijimi daga wuta. Muka kwashe yara muka koma Aliero. Ga iska, ga fili, amma ba ya kai ƙarshen fangalin albasa guda sai ya dafa gwiwa yana haki. A asibiti likita ya tambaya ko yana shan taba. Mutumin da bai taɓa sa ta a baki ba. Likitan ya ce ba baƙin da muke gani ne matsalar ba, akwai ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da ido ba ya kamawa, su ke sauka can ƙasan huhu, kuma ba abin da ke wanko su. Na so in ce ai na faɗa, sai na kama hannunsa muka koma gida.

Wata hantsi yana kishingiɗe a inuwa, ina shafa masa man zafi a ƙirji, sai na hango gashi ɗaya fari a gemunsa. Na kai hannu zan tsige, da tsokana, ya riƙe min yatsu.

"Bar min shi," ya ce. "Ina son in ga ƙannensa."

Kafin a cire albasar shekarar aka kai shi makwanci. Yau kaina ya yi fari fat, jikoki na tsokanata da shi, ba na ko rina shi. Shi kuwa ɗayan nan kaɗai ya samu.