Dami Ashirin Na Malam Hamidu

Malam Hamidu na Kutama ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina zaune ina jiran shayi ya huce, sai babban ɗansa Bello ya kira ni ya ce, "Baba, sai haƙuri, abokinka ya cika bayan sallar asuba. Har mun kai shi makwancinsa." Na yi salati, na sake yi, daga nan ban san abin da na ce masa ba. Shayin yana nan inda na ajiye shi.

Anjima zan kama hanyar Gwarzo in yi ta'aziyya. Amma ba zan iya zama kan tabarma gaban 'ya'yansa ana ce min "sannu aminin Baba" ba, sai na sauke wani nauyi tukuna. A shafin nan na yi ɓarnar ƙarshe, don haka a nan ya kamata in gyara.

Ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Tsoho ne ke danna waya da yatsa ɗaya.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ajinmu ɗaya da Hamidu a firamare a Gwarzo, zamanin da gyaɗa ke tashe. Mahaifina sayen gyaɗa yake yi, yana da sikeli a ƙofar gida. Mahaifin Hamidu manomi ne mai 'yan shanu a Kutama, a wurin Baba yake sayar da tasa. Da aka sa Hamidu makaranta, sai aka kawo shi gidanmu ya zauna. Ɗakinmu ɗaya, kwanonmu ɗaya. Ina ce masa Ɗan Fillo, yana ce min Ɗan Sikeli, kuma har muka yi furfura ba mu canza ba.

Ni Allah ya yi ni da baki. Shi kuwa sai ka yi masa tambaya uku kafin ka sami amsa ɗaya, ita ma kansa a sunkuye.

Amma a lissafi ba na ko kusa da shi. Da ƙuli-ƙuli ya koya min rabi da kwata. Ya karya, ya jera a tabarma, in na gane ya bar min in cinye, in ban gane ba ma ya bar min.

Ranar da kunama ta harbe ni a bayan gari, shi ya goyo ni har gida, alhali na fi shi jiki.

Muna aji bakwai aka kawo mana sabon malami daga Kabo, Malam Isiyaku. Kowace Juma'a kafin a tashi sai ya cika allo da tambayoyi goma na gwaji: lissafi, awo, riba da faɗuwa, da ɗan abin kimiyya. Aikin gida ne, a kawo ran Litinin. Ya gaya mana tun farko cewa daga aikin nan zai zaɓi waɗanda zai riƙa yi wa lesin bayan la'asar, kuma 'yan lesin kaɗai za a sa a jarrabawar shiga sakandare.

To lokacin kaka ne. Jakuna da raƙuma sun yi layi a ƙofar gidanmu, manyan motoci na zuwa daga Kano ana lodi. Ina can kan buhuna ina tsalle, ina bin karen mota yana ba ni labarin birni. Wa zai zauna da littafi? Ran Litinin da sassafe sai in ɗauki na Hamidu a zaure in kwafe tas, daga ta ɗaya har ta goma. Bai taɓa hana ni ba. Iyakarsa ya ce, "Ɗan Sikeli, ko ɗaya dai ka gwada da kanka mana."

Malam baƙo ne, bai san mu ba. Yana ganin littattafai biyu suna cin goma bisa goma, ɗaya na yaro mai ɗaga hannu da surutu, ɗaya na yaron da ko muryarsa bai sani ba.

Sai ga wata tambaya, ta bakwai a jerin makon. Manomi ya sami dami ɗari biyu na dawa, zai raba su daidai a rumbunansa, dami nawa zai zuba a kowanne?

Na kwafe ban ko karanta ba. Muna tafiya makaranta Hamidu ya ce min, "Ta bakwai ɗin nan tarko Malam ya ɗana mana. Bai ambaci zakka ba, so yake ya ga wa zai tuna. Ina ka taɓa ganin an zuba dawa a rumbu ba a fid da ta Allah ba? Kowane dami goma ai ɗaya ba naka ba ne." Na ce haka ne, hankalina na kan wata mota da ke wucewa.

Babu wani tarko. Rabawa kawai Malam ke nufi. Duk ajin suka rubuta hamsin, littafi biyu kaɗai suka rubuta arba'in da biyar.

Malam ya kira mu gaban allo, ya ɗaga littattafan. Ya ce, "Mutum biyu na iya yin daidai tare, amma ba sa yin kuskure iri ɗaya. Ɗayanku ya kwafi ɗaya. Wanda ya yi aikin ya gaya min, ina dami ashirin suka tafi?"

Hamidu ya sunkuyar da kai yana haɗa maganar a ransa, kamar yadda ya saba. Ni ban jira ba.

Na ce, "Zakka ce, Malam. Ina ka taɓa ganin an zuba dawa a rumbu ba a fid da ta Allah ba?"

Kalma da kalma. Ko guda ban canza ba.

Malam Isiyaku ya ajiye alli, ya dube ni ya daɗe. Ya ce a littafi ban ci ba, amma yaron da ya tuna da zakka a cikin lissafi ba ƙaramin yaro ba ne. Sannan ya juya ya ce, "Kai kuma fa? Kai ka kwafa?"

Hamidu ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Tuwon Innata yake ci, a ɗakin Babana yake kwana. Yaron da aka rena da kunya irin tasu ba zai ƙaryata ɗan masu gida a gaban mutane ba. Na san haka sarai, kuma da shi na dogara.

Ya sake sunkuyar da kai.

Aka yi masa bulala shida ina tsaye. Aka rubuta sunana a 'yan lesin, aka bar nasa. Ban ɗora wa Malam laifi ba, Allah ya jiƙansa, da abin da ya gani ya yi hukunci.

Da muka koma gida aka kawo mana abinci, na kasa sa hannu. Hamidu ya turo min kwanon ya ce, "Ci mana, zai huce."

Maganar ta kai Kutama. Da mahaifinsa ya kawo gyaɗarsa ta ƙarshe, na ji shi yana ce wa Baba, "Alhaji, na gode da riƙo. Amma ban kawo shi gari don ya koyi ɗaukar abin wani ba. Gara ya zo ya bi shanu." Baba ya yi ta ba shi baki, ya ƙi. Ina laɓe bayan buhuna ina ji. Magana ɗaya zan fito in yi, shi ke nan. Na tsaya ina kallo Hamidu ya ɗaure 'yan kayansa ya bi bayan jaki.

Ni na shiga lesin. Da yake babu littafin kwafa kuma, dole na zauna na koya. Na ci jarrabawa, na yi sakandare, na zama akanta, na yi aiki har na yi ritaya.

Shi ya yi noma da kiwo.

Da a ce ya yi fushi da ni, da na sami sauƙi. Bai yi ba. Kowace kaka sai buhun dawa ya iso gidana a Kano, da ɗan man shanu na matata Hajiya. Da Baba ya rasu, yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi. Da ɗana Nura ya faɗi lissafi sau biyu, Kutama na tura shi hutu, ya dawo yana gyara min kuskure.

Abu ɗaya ya taɓa roƙona. Ya ce, "In ka ga tsofaffin takardun jarrabawa, ka tara min." Sai in tattara in aika, na lissafi, na kimiyya, har na akanta da tattalin arziki da ba wanda ya taɓa koya masa. Ya zauna ya yi su ɗaya bayan ɗaya da fensir, wadda ta gagare shi ya ajiye ta sai na zo. Ni kuma ina jin kaina mai alheri don na aika wa mutum tsofaffin takardu.

A zaurensa ya kafa allo da tsohon ƙyauren ƙofa. Duk mai shirin jarrabawa daga Kutama har Kara ya san zauren nan. Bai taɓa karɓar komai ba.

Yanzu ga abin da ya fi ci min rai. Labarin zakkar nan, na mayar da shi nawa. Na ba da shi a ofis, na ba da shi a taron raba kyaututtuka, na ba 'ya'yana da jikokina. Bara na rubuta shi a shafin nan, yadda ina yaro na fid da zakka a lissafi har malami ya ajiye alli. Da yawanku kun yi ta yabo, kuna cewa tarbiyyar da daban ce. Na bi ku ɗaya bayan ɗaya ina godiya.

Bayan kakar bara na je Kutama, ganinmu na ƙarshe ke nan. Na tafi da niyyar in roƙi gafara, har na tsara maganar a mota. Na same shi a zaure yana goge allo, ya rame, amma idon nan na nan tar. Muka gaisa, muka tambayi iyali da shanu da ciwon gwiwa. Ya sa aka damo min fura.

Sai ya ce, "Ɗan Sikeli, Bello ya karanta min labarinka na zakka a waya."

Na ajiye kwanon furar.

Ya ce, "Ka iya ba da labari, tun da can. Sai dai ka ce rumbu biyar. Huɗu ne. In ka fid da ashirin ka raba biyar, talatin da shida za ka samu, ba arba'in da biyar ba. Ka gyara, kada yara su ɗauka a haka."

Shekara da shekaru ina faɗin biyar. Ni akanta, mai kama kuskuren mutane, ban taɓa zama na buga lissafin ba, domin ba ni na yi shi ba tun farko. Cikin duk waɗanda suka saurare ni ma ba wanda ya buga. Mai abin ne kaɗai ya ji sau ɗaya ya gane.

Ya dube ni, irin duban nan na gaban allo. Ya buɗe min ƙofa, ya tsaya yana jira in shigo.

Na yi dariya na ce, "Kai Ɗan Fillo, har yanzu ba ka bar gyara ba?"

Ya yi murmushi ya ce, "Sha furarka."

Ya rako ni har mota yana dogara sanda. Na ce a raina sai wani zuwan, zan zo ni kaɗai ba direba, mu zauna sosai. Ban koma ba. Rubutun ma ban gyara ba, don in na taɓa shi sai in taɓa sauran.

To yau na gyara.

Rumbu huɗu ne. Kuma ba ni na fid da dami ashirin ɗin nan ba, Hamidu ne. Ni na kwafa. Bulalar da ya sha tawa ce, kujerar da na zauna a lesin tasa ce. Mahaifinsa ya bar duniya yana zaton ɗansa ya ɗauki abin wani, alhali ɗansa aka ɗaukar wa.

Bello, ku yafe min. In na iso zan maimaita da bakina a gaban duk wanda ke kan tabarma. Duk wanda ya taɓa jin labarin nan daga gare ni har ya ba wani, don Allah ya koma ya sa sunan mai shi.

Ya Allah, bawanka Hamidu bai manta da haƙƙinka ba ko a aikin gida na 'yan firamare. Ka jiƙansa, ka yalwata kabarinsa, ka ba shi ladan kowace tambaya da ya rubuta wa ɗan wani a allon nan. Abin da na tauye masa a duniya ka cika masa a can. Ka ba iyalinsa haƙuri, ni kuma ka sa ya yafe min.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya yi wa Malam Hamidu addu'a, ya ambaci sunansa. Kada kowa ya yabe ni a ƙasan rubutun nan. Na riga na karɓi yabon da ba nawa ba.