Kujerar Fiyano

Ina son fiyano, kuma haushinsa nake ji. Mai goge yana rataya abinsa ya hau kabu-kabu ya tafi biki, ni kuwa nawa sai ƙarti sun taru kafin ya motsa. In damina ta sauka maɓallansa su kumbura su maƙale. In na buga, jama'a su zauna tsit kamar an zo ta'aziyya, ba mai ko girgiza kafaɗa. Duk da haka tun ina makarantar lise nake manne da shi, a wani ɗakin al'adu na Zinder, inda wata Baturiya da muke kira Madam ta koya mini kiɗan Turawan da.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba. Baduku ne a unguwar Birni, ni kuma ɗan farinsa, don haka ko sunana ba ya faɗa, balle ya yaba mini. A zuriyarmu ba a taɓa makaɗi ba. Bai hana ni ba, bai kuma taɓa tambayata me nake bugawa ba. Na girma da yaƙinin cewa kunnensa bai taɓa jin kiɗana ba, kuma abin yana mini zafi.

Akwai maganar da nake buɗe kowane wasa da ita: "Wani mai hikima ya ce, mai fiyano mutum ne da ke hira da kansa." Daga bakin Madam na ɗauke ta, na kuma ɗauka wani babban makaɗin Turai ne ya faɗa. Sai ran nan abokina, malamin falsafa mai jayayyar tsiya, ya tare ni bayan wasa, yana kirana "Mushe" irin na Faransawa.

"Mushe, wane ne mai hikimar nan naka? Ko ba shi da suna?"

Na yi ta kame-kame. Na koma na birkice littattafaina, na tambayi intanet da Faransanci har salulata ta yi zafi, ban samu ko ƙurar maganar ba. Da abin ya ishe ni na kira Madam, wadda ta daɗe da komawa ƙasarsu. Ta yi dariya har da tari.

"Ba a littafi take ba," in ji ta. "Badukun da ya sake wa kujerar fiyano fata ne ya faɗa, gardi mai tsaron ƙofa ya fassara mini. Ban taɓa ganin mai nawar aiki irinsa ba. Aikin wuni guda ya ja shi wata da watanni, kuma ba ya zuwa sai ranar Alhamis."

Alhamis ce ranar darasina. Na tafi wajen gardin, wanda yanzu ya tsufa yana zaune a gida. Ya ce ai mahaifina ne. A bayan taga yake shimfiɗa buzunsa, ya ɗinka ya warware, ya ɗinka ya warware, har in tashi daga darasi. Ya kuma roƙe su kada a gaya mini. Na fito daga gidan ina dariya ina share hawaye, masu wucewa suna kallona.

Na iske Baba a rumfarsa yana ɗinkin alabe. Na durƙusa na gaishe shi, na daɗe ina juya maganar a baki.

"Baba, an ce ku kuka yi wa kujerar fiyano fata."

"Aiki ne aka kawo," ya ce, bai ɗago ba.

"An ce ya ɗan ɗauki lokaci."

"Fatar ce ba ta jemu da kyau ba."

Ya ja zare ya datse da haƙori, sannan ya tambayi alaben da ke hannunsa, ba ni ba: "Har yanzu ba ta yage ba?"

Lafiyarta lau, don aikin Baba ba ya yagewa. Na ce, "Ta fara, Baba. Daga gefe."

"To. A ce musu ina tafe ran Alhamis."

Daga rumfar ban zarce gida ba. Na tsaya wajen mai tebur na sayi reza, na nufi ɗakin fiyano.