Gudumata da ta tafi Sweden

Shekarun baya ne, lokacin da council, wato hukumar gari, ke ta rufe wurare a Manchester, ni ma na rufe wa kaina makaranta. Ina shekara sha shida na ajiye biro. Wurin matasan da muke zama a Moss Side aka sa masa kwaɗo, sai yawo. Na yi wankin mota, na yi rabon takardun talla, babu inda na cika wata uku. Daga ƙarshe wani kafinta a Old Trafford ya ɗauke ni, nan ne kaɗai na ɗan zauna.

Yayata kuwa tana Sweden tana karatu a jami'a. Ranar da ta ji na bar makaranta ta kira ni ta ce, "Kai dai ka zubar da kanka." Na kashe wayar. Shekara huɗu ba mu yi magana ba, sai gaisuwar sallah ta bakin mahaifiyata.

Da ta zo kammala digirinta na uku, ta zo hutu gidan kawunmu a Edgbaston, likita ne a babban asibitin can. Mahaifiyata ta ce dole in je. Daga wurin aiki na hau jirgin ƙasa, da jakar kayan aikina, na kuma yanke a raina cewa in aka ci min fuska yau, ni da taron dangi har abada.

Ina shiga Kawu ya ce, "A'a, ga injiniyanmu mara takarda." Aka yi dariya. Yayata ba ta yi ba, amma ba ta kalle ni ba. Na fara lissafin jirgin komawa.

Ana cin abinci take ba su labarin jami'ar. Ta gwamnati ce, tsohuwa ƙwarai, kuma suna da wata al'ada tun ta da can. Kafin ka kare littafin bincikenka, sai ka kafa shi da ƙusa a jikin katako a zauren makaranta, da hannunka, a gaban malamai. Ya yi makonni a rataye, duk wanda ya ga dama ya karanta, ko mai shara ne, ya zo ya yi maka tambaya. In an gama bugawa a sha kofi da kek.

"Ni tambayoyin ba sa ba ni tsoro," in ji ta. "Ƙusar ce. Ƙawata sai da ta lanƙwasa uku, farfesoshi na tsaye suna kallo. Ni ko guduma ban taɓa riƙewa ba."

"Ƙusa ce abin damuwa?" Kawu ya miƙe. "Ni da nake ɗinke mutum? Kawo littafin."

Duk aka fita bayan gida. Ya samo tsohon katakon shinge, ya ɗora littafin, yana neman ya bi ta cikinsa da ƙusa. Bugu na farko ta kwanta. Na biyu ya sami babban yatsansa. Matarsa ta ce, "Alhaji, kana da tiyata ranar Litinin fa."

Ban yi niyyar magana ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, "Ba haka ake yi ba. Sai an huda littafin tukuna, in ba haka ba zai yage."

Na buɗe jakata na ɗauko injin huda, na yi rami ɗaya a kusurwa, tsaf. Sai na ga yayata ta matso ta miƙo hannu.

"To Malam, nuna min."

Na ɗauka zolaya ce. Na kalle ta, na ga da gaske take.

Na miƙa mata gudumata, ta riƙe, na ce, "Yaya, kin shaƙe ta a wuya. Riƙe can ƙarshen ƙota. Ki ɗan taɓa ƙusar sau biyu ta tsaya, ki janye yatsunki, sannan ki buga. Kan ƙusar za ki kalla, ba gudumar ba."

"Haka kake wa mutane faɗa a wurin aiki?"

"Haka ake yi min."

Shida ta lanƙwasa. Ta bakwai ta shige sak. Kawu, da yatsa cikin kofin ƙanƙara, ya ce ai shi ma dama haka yake shirin yi.

Da zan tafi ta biyo ni bakin ƙofa ta ce in bar mata gudumar. Na ce aro ko kyauta? Ta ce aro. Sannan ta ba ni littafin da na huda. "Al'adar ta ce kowa ya karanta. Kai ma kana cikin kowa."

A bas na riƙa karanta shi, shafi ɗaya, wani lokacin rabi. A kan ruwan rijiyoyi ne. Gaskiya yawanci ban gane ba. Amma wani wuri ya tsaya min, na rasa dalilin da ya sa ruwa zai yi garau amma ya sa ciwo. Sai da na yi kwana uku kafin na iya kiranta. Ta yi awa guda tana min bayani, ba ta gajarta min komai ba. Tun ranar ba mu sake yin mako ba mu yi waya ba.

Ban koma na zama ɗan boko ba, kar ku ɗauka. Har yanzu kafinta ne ni, sai dai na je kwalejin yamma na karɓo takardar sana'ata. Abin da nake gode wa Allah shi ne wasu mutanen da ban sani ba, a ƙasar da ban taɓa takawa ba, suka ce ilimi ba ya cika sai an rataye shi inda kowa zai kai hannu. Da ba don su ba, da jirgin yamma na hau ban waiwayo ba.

Ta aiko min hoton ranar da ta kafa littafinta a jami'ar. Ta riƙe ƙotar daga ƙarshe, bugu huɗu ta gama. Littafin da ta ba ni yana rataye a shagona, a kan ƙusar da na buga da kaina. Guduma kuwa har yau aro take.